Allon Goggo na Turanci

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Goggo ta riga mu. Ta cika ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta da ke gidanmu na Fadaman Mada, aka yi mata sutura kafin la'asar. Yayar mahaifinmu ce. Ita ta riƙe ni tun daga yaye, shi ya sa da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ni aka zaunar a gaba ina karɓar gaisuwa.

Mutane sun zo da yawa, don duk wanda ya taɓa karya kumallo a layinmu ya ci masar Goggo. Mai facin taya na bakin titi ya durƙusa ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ce, "Malam, to yanzu wa zai ce mini gud monin da sassafe?" Aka yi 'yar dariya, kowa ya haɗiye tasa da sauri. Ladanin masallacinmu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya jira wurin ya yi shiru ya ce, "Allah Ya gafarta mata. Amma ni har yau ban gane abin da ya kai tsohuwa mai sauka ga yaren Nasara ba, alhali ƙafarta ɗaya tana kabari." Dangin da suka zo daga Zungur kuwa, na ji su ta bayan katanga suna gaya wa matan gida cewa labari ya iske su Goggo ta ruɗe a ƙarshen rayuwarta, tana magana da waya cikin wani harshe.

Wurin makoki ba wurin gardama ba ne. Amma wayar da suke magana a kai tana aljihuna a lokacin, kuma duk sanda ta yi ƙara sai in ciro ta da sauri. Saboda maganar mutanen Zungur na ɗauki alƙalami. Goggo ba ta ruɗe ba. Hankalinta na nan garau har numfashinta na ƙarshe, kuma ni shaida ne, don da hannuna na rubuta duk Turancin da ta iya.

Ɗa guda Allah Ya bar mata, taubashina, wanda muka tashi a ɗaki ɗaya. Fataucin albasa ya kai shi Fatakwal, ya zauna, ya auri 'yar can, suka haifi mace aka sa mata sunan Goggo. Sau ɗaya aka kawo yarinyar Bauchi, tana goye. Goggo ta yi mata wanka, ta shafe ta da man shanu, ta ce wannan kunnuwan nata ne aka sata. Ba ta sake ganin ta ba. Zazzaɓi ya ɗauke taubashina a can, a can aka binne shi, yarinya ta ci gaba da zama wurin uwarta, ta tashi ba ta jin Hausa ko ta zo in kashe ka.

Matar ba muguwa ba ce, ina so a san wannan. Duk ranar Lahadi da yamma takan kira, ta gaishe da Goggo da guntuwar Hausar da ta tsinta wurin mijinta, sannan ta miƙa wa yarinyar. Nan ne abin yake tsayawa. Goggo ta ce, "Takwara, kina lafiya? Kin ci abinci?" Daga can shiru. Yarinyar ta faɗi nata, daga nan shiru. Can sai ka ji an ajiye waya an tafi wasa. Ƙanena da ke aikin gwamnati yana zaune a GRA ya taɓa zuwa ya yi musu tafinta, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Da ya tafi Goggo ta ce, "Hirarsu suka yi shi da ita. Ni dai an riƙa miƙo mini saƙo kamar ina bayan labule." Kiran ya riƙa gajarta. Wata Lahadi uwar ta ce, "Mama, ta ƙi karɓa yau." Goggo ba ta ci tuwon dare ba ranar.

Washegari ta shiga gidan maƙwabciyarmu, wata malamar firamare da ta yi ritaya, 'yar kudancin jihar nan, wadda kowa ke kira Malama, ta ce ta zo a koya mata Turanci. Sun daɗe tare. Lokacin da mijin Malama ya rasu, Goggo ce ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakinta da kwana har ta daina firgita. Hausar Malama irin ta mutanen wajensu ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Na ji ta tana cewa, "Goggo, kai da ba ka san boko ba, a ina za ka rubuta?"

Amsar wannan tambaya a kaina ta faɗa, ni da nake malamin makarantar allo. Goggo ta aika kasuwa aka sassaƙo mata sabon allo, ta kira ni ta ce in kawo tawada da alƙalami. Ajami tana karanta shi kamar ruwa, sai dai hannunta ya fara rawa.

Na ce, "Goggo, da baƙaƙen da ake rubuta Alƙur'ani?"

Ta ce, "Da su kakanka ya rubuta maganin basir da sunayen shanunsa. Na ce maka ka ɗauko allon karatu ne?"

"Ɗalibaina za su gan ni, iyayensu za su ji."

"To Malam babba, tafi da martabarka. Ni na wanke maka kashi, ban tsaya duba wa ke kallona ba."

Faɗanmu ke nan guda ɗaya da ya yi tsawo. Na yi kwanaki ina gaishe ta daga bakin ƙofa, tana amsawa ba ta ɗago kai ba. Ranar da na leƙa na same ta ta dafe allon a cinya tana ƙoƙarin ja da kanta, alƙalami yana kaucewa, tawada ta ɗiga ta ɓata mata zane, sai na cire takalmi na shiga na karɓa. Ba ta ce komai ba, ta matsa mini wuri a kan tabarma.

Haka muka kafa makaranta mai ɗaliba ɗaya da malamai biyu. Malama ta faɗi kalma, Goggo ta maimaita, ni in rubuta yadda kunnena ya ji, da manyan baƙaƙe da cikakken wasali. Ruwa wata ne, abinci fud, gida haus, makaranta sukul, zo kuma kam. Hawa yu. Ayam fayin. Sai wadda ta fi so duka, ayam giranma, wato ni ce kaka. Ba ta san wata hanyar koyo ba sai wadda aka koya mata tana yarinya a Zungur: a biya mata, ta yi ta tilawa tana rausaya da jiki, in ta haddace a wanke allo a rubuta na gaba. Da irin muryar da yara ke rera darasu take rera su. Haƙoranta na gaba sun zube, wasu kalmomin sai su fita da fito. Malama ta ce, "Goggo, sa harshenka a tsakanin haƙori." Goggo ta ce, "Wane haƙorin? Ara mini naki."

Lahadin da ta fara gwadawa, da yamma ne liƙis, ta ce wa yarinyar gud monin. Sai muka ji dariya ta fashe a cikin wayar, dariyar yaro mai kyalkyali. Yarinyar ta gyara mata, Goggo ta maimaita, ta sake gyarawa. Ba a ajiye waya ba sai da aka kira magariba. Goggo ta juyo idonta jawur ta ce mini, "Ka ji? Dariyar ubanta ce."

Ana cikin wannan daɗi layin uwar yarinyar ya mutu. A kira, wata murya ta ce a kashe yake. Damina guda ta wuce a haka. Daga baya fataken albasa abokan taubashina suka gano mana matar, ashe wayarta aka sace a mota, lambarmu kuma a cikin wayar take. Da magana ta dawo Goggo ba ta yi murnar da na zata ba. Ta ce, "Ashe zumuncina da takwara duk a cikin 'yar gwangwanin nan yake. Ɓarawo ɗaya ya isa ya raba mu." Sai ta ce in ƙirga mata lambobin wayarta. Ta ce za ta zuba su a cikin kan yarinyar da bakinta, ta haddace su yadda ake haddace Fatiha, ko bayan shekara nawa, ko a wane gari, in ta sami wayar wani ta iya nemo gida.

Malama ta koya mata ƙidaya a bakin tanda, don nan Goggo take wuni da safe. Kowane gurbi da sunansa. Ta zuba ƙullu tana cewa wan, tu, tiri, fo, ta juya tana cewa fayib, sikis, sabin. Masu saye suka ɗauka. "Goggo, a ba ni masa et, a sa ƙuli." Ta ce, "Kai da ko wan ba ka biya na jiya da godiya ba." Ziro ce ta ba ta wahala, ta ce ta yaya za a ƙirga abin da babu. Malama ta kwashe masar gurbi ɗaya ta nuna mata shi wayam, ta ce, "Ga shi nan, Goggo. Wurin yana nan, masan ne babu." Goggo ta daɗe tana kallon gurbin. Ta ce, "Da shi lambar tawa ta fara ko?" Muka ce da shi.

Ƙidaya a jere ba ta dame ta ba. Abin da ya hana ta barci shi ne lambar waya ba a jere take ba, kuma in ta musanya guda ɗaya, yarinyar za ta kira wani baƙo a wani gari ta ɗauka an manta da ita. Da safe ta iya, da yamma ta sa sikis inda sabin take. Wata rana bayan azahar na shiga na same ta ta wanke allon a ƙoƙo, ta kafa kai tana sha.

Na ce, "Goggo, wannan ba aya ba ce."

Ta goge bakinta da gefen mayafi ta ce, "Na sani, ɗan nan. Ban ce akwai albarka a ciki ba. Ta kunne sun ƙi zama, na ce ko ta ciki za su zauna."

Ban iya yi mata faɗa ba. Na koma zaure na rubuta mata addu'ar buɗa ƙirji a allona na gaskiya, na wanke na kawo mata. Ta sha wannan ma, ta ce tawadata ta fi ɗaci.

Gida-gida ta yanka lambar ta riƙa biya wa yarinyar, kamar yadda muke yanka wa yaro doguwar aya. Ta rera, yarinyar ta rera, da muryar makarantar allo da yarinyar ba ta taɓa jin irinta ba. Ita wasa ta ɗauke shi. Sai an bita na baya ake ƙara na gaba, don Goggo ba ta yarda da karatun gaggawa ba. Gidan ƙarshe sau ɗaya tak ta biya mata, ta ce Lahadi mai zuwa za ta ji haddar tun daga farko. Lahadin ta zo, layin a kashe. Wannan karon fataken ma ba su samo komai ba. Sun ce matar ta sake aure ta bi mijin wani gari, maƙwabta ba su san wanne ba. Ƙanena ya tura mutane, ya yi cigiya iyakar inda hannunsa ya kai, shiru.

Abin da ya biyo baya shi ne mutanen Zungur suka ji suka kira ruɗewa. Ta ɗaure wayar a bakin zanenta, ko alwala za ta yi sai ta ajiye ta inda ido ke gani. In an ɗauke wuta ba ta yarda a kai caji ita tana gida, sai ta dogara sanda ta je shagon ta zauna a benci har ta cika. Ƙanena ya sayo mata sabuwar waya mai kyau, ta tambaya ko lambar za ta canza, ya rantse ba za ta canza ba, duk da haka ta ƙi yarda a buɗe tsohuwar. Duk baƙuwar lambar da ta shigo, da Turanci take amsawa. Mai itace ya kira, ya ji an ce masa ayam giranma. Akwai irin kiran nan na talla, muryar mace da aka naɗa tana zuba Turanci ba tsayawa. Na iske Goggo ta manna wayar a kunne da hannu biyu tana cewa, "Hawa yu. Ayam giranma. Kam haus." Na ce mata na'ura ce, ba mutum ba ne. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru, ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Ko da a ƙarshe za ta miƙa mata."

Sau ɗaya aka zo aka ce mini an ga Goggo a tasha da ƙullin kaya tana tambayar motar Fatakwal. Na same ta zaune a kan ƙullin, allon yana leƙowa ta gefe. Na ce, "Goggo, ba sa can fa." Ta ce, "To ina zan tambaya in ba inda aka gan su ƙarshe ba? Na iya gaisuwa, na iya ruwa, na iya gida." Da ƙyar na lallashe ta muka dawo. A cikin keke ta riƙa rera lambar ƙasa-ƙasa, tana tsayawa a gidan ƙarshe tana maimaitawa, kamar ana jin ta daga can.

Ba ta daina zuwa wurin Malama ba sai da ƙafa ta gaza, sannan Malama ta riƙa shigowa. Da ciwo ya yi nauyi Malama ta ce bari ta koya mata yadda ake cewa ba ni da lafiya. Goggo ta ƙi. Ta ce, "In ta kira, ayam fayin zan ce." Ana gobe za ta rasu, bayan na karanta mata abin da ya sawwaƙa, ta kwance wayar daga zanenta ta sa a hannuna ta ce, "Kar ka bari ta mutu. Ni ba komai, ita kar ta mutu." Ba ta ji kiran ba. Da wannan ƙishirwa ta tafi, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai har yanzu.

An watse daga makoki, an raba 'yan kayanta, tandar ta koma hannun matata, ni na riƙe waya da allo. Kiran 'yan gaisuwa ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ina yi mata caji, ƙanena yana sa kati don kada a rufe layin, amma in faɗi gaskiya cika wasiyya kawai nake yi. Yaron da aka biya wa darasi sau ɗaya, ni na san yadda yake tashi da shi washegari.

Wata Alhamis bayan la'asar, ranar da babu karatu, ina zaure ni kaɗai ina feƙe alƙalami, ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Na ɗauka na yi sallama. Ba a amsa ba, sai hayaniyar yara daga nesa. Can wata ƙaramar murya ta fara rerawa, da muryar Goggo, da rausayar Goggo, har da ɗan fiton nan na marar haƙori da ta kwaikwaya ta ɗauka haka ake faɗa. Ziro, ta fara. Ta bi gida-gida har na ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Sannan ta ce, "Giranma?"

Duk abin da na rubuta a allon nan ya zo mini, ruwa, abinci, gida, makaranta, zo. Babu ɗaya da zai yi mini amfani. Na fita ba takalmi na faɗa gidan Malama ko sallama ban yi ba, na miƙa mata. Ta fara magana da mai wayar, ashe malamar makarantar yarinyar ce, wadda ta gaji da naci ta ara mata. Malama ta karɓi sunan garin da na makarantar, ta maimaita mini na riƙe. Sannan ta nemi a sake ba yarinyar, ta zauna a bakin gado ta gaya mata rasuwar Goggo a hankali, hawaye na zuba a kan rigarta. Sai yarinyar ta faɗi wani abu gajere.

Na ce, "Me ta ce?"

Malama ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce, "Ya ce, yanzu in ya kira, wa zai ɗauka?"

Na ce, "Yaya ake cewa baffa?"

Ta faɗa mini. Na karɓi wayar na ce, "Ayam onkul."

Allon yana nan, ban wanke lambar ba, a ɗaya gefen nake rubuta nawa darasin. Ladan ya gan ni ina fitowa daga gidan Malama da shi a hammata, ya kalle ni, na gaishe shi na wuce.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya haskaka makwancinta, Ya haɗa ta da ɗanta a gidan da babu rabuwa. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi mata Fatiha, ya kuma sa takwararta a addu'a.